Fararen Layuka Tara

Shekara goma sha ɗaya na yi a waje. Na dawo da akwati biyu, ɗaya na tufafi ɗaya na littattafai, da digiri na uku a kan yadda gwamnatocin kama-karya suke sassautawa. Shafi ɗari huɗu na rubuta. Mutum biyar suka karanta, uku daga cikinsu aikinsu ne su karanta.

Ƙanena, Auta, shafi ɗaya yake bugawa a mako. Gari duka ke dubawa, har waɗanda ba su iya karatu ba.

Shagon ɗab'i Baba ya bar mana, ni da shi. Ɗaki ne mai tsawo, inji a ƙurya, teburin yanka takarda a tsakiya, benci biyu a bakin ƙofa. Da can katin gayyata da takardun jarrabawa ake bugawa. Da Janar ya hau mulki aka fara ɗauke mutane daga gidajensu ba a faɗin inda aka kai su, sai Auta ya fara buga sunayensu. Suna kawai, da ranar da aka ɗauke mutum. Ba zagi, ba sharhi. Jerin ake ce wa takardar, shi kuma ake ce masa Mai Inji.

Ranar da na sauka Inna ta rungume ni, ta yi kukanta daidai gwargwado, ta ce na rame. Sannan ta ce, "Dakata in ɗebe wa Auta nasa kafin ka sa hannu. Shi ba ya samun ci a kan lokaci."

Jerin yana da ƙa'idarsa, ba a rubuce ba. Wanda aka fara ɗaukewa shi ne a sama, na baya-bayan nan a ƙasa. Auta ba ya sa lamba, ya ce mutum ba buhu ba ne. Layin mutum ba ya motsi. Akwai wani mai wanki a babban gidan yari, ba mu san fuskarsa ba, shi ke aiko da labari duk mako ta hannun direbobi. In ya ce wane ya rasu, Auta ya zare sunan ya bar layin fari, ba a cike gurbin. Lokacin da na dawo layi sittin da ɗaya ne. Tara farare.

Duk Juma'a da safe matan suke zuwa: iyaye, matan aure, ƙanne. Yawancinsu ba su yi makaranta ba. Auta ya ja ƙofar shago rabi, ya shimfiɗa takardar a kan teburin yanka. Kowace ta ɗora yatsa a sama, ta gangaro tana ƙirge a ranta. In ta kai layinta ta tarar da tawada, mutuminta yana da rai. Sai ta ɗauke yatsa ta ce, "Sannu da aiki, Mai Inji," ta wuce kasuwa. Ba sa cewa a karanta musu. Sun ce baki yana iya jin tausayinka ya yi maka ƙarya, yatsa ba ya yi.

Doka ta ce duk abin da za a manna a bainar jama'a sai an kai shi ofishin tantance rubutu an buga masa hatimi. Auta yana kaiwa. Duk Alhamis, ƙarfe goma, shekara shida. Duk Alhamis a ƙi, ya karɓo takardar ƙi, ya huda ta ya zura a wata waya da ke rataye a bango. Wayar ta cika har ta lanƙwashe. Sau huɗu ana tsare shi. A karo na biyu ya baro haƙora biyu a can, kuma mutanen garin nan sun fi girmama gibin nan a kan duk abin da na kawo a akwati.

Aikin da aka ba ni shi ne duba kuskuren rubutu. Sunaye ne. Babu kuskure.

Kwamitin Jerin mutum uku ne: Auta, da Malama shugabar ƙungiyar malamai, wadda mijinta ke layi na arba'in, da wani tsohon direba da kowa ke ce wa Kawu. Ran Talata suke zama a shago. Ni ana barina in zauna a benci saboda ɗan gida ne.

Wata Talata na yi magana. Direbobi sun gama yajin kwana goma sha biyu ke nan, malamai suna shirin nasu, kuma ba a harbi kowa ba.

Na ce, "Gidan Janar ya tsage. Akwai masu bindiga, akwai masu biro. Masu biro sun ga inda abin ya dosa, suna neman wanda za su miƙa wa hannu. Ku kuka jawo haka, da yajinku da takardar nan. Amma in suka miƙo hannu babu wanda ya kama, masu bindiga za su ce ai mun faɗa muku. Ƙofa irin wannan ba ta daɗewa a buɗe."

Kawu ya ce, "Dakta, wannan a shafi na nawa yake?"

"Babi na shida."

"To mu a shafi na ɗaya muke tun shekara shida, ba mu juya ba tukuna."

Aka yi dariya. Malama ba ta yi ba. Ta ce, "Maganarsa tana kan hanya." Sai ta juya, kamar yadda kowa ke juyawa. "Mai Inji, kai me ka gani?"

Auta yana goge tawada daga yatsunsa da tsumma. Ya ce, "Yaya ya fi ni sani. Allah ya sa haka ne."

Da gaske yake faɗar wannan kalma, kullum. Shi ya sa ba na sonta.

Washegari da rana wasu mutum biyu cikin farin kaya suka tsaya a ƙofar shago. Suka ce oga yana son ganin Mai Inji, minti biyar. Auta ya san minti biyar ɗinsu. Ya ɗauki rigar sanyi da buroshin haƙori, ya miƙo min makulli.

"Yaya, Jerin yana aljihun tebur. Gobe ƙarfe goma."

Lasisin shagon da sunan Baba yake, kuma magajinsa kaɗai ke da ikon kai takarda ofis. Ni zan kai, ba don kwamiti ya zaɓe ni ba, babu wani ne.

Malama ta ce, "Ka miƙa. Zai ƙi. Ka karɓo takardar ƙi ka dawo. Shi ke nan."

Kawu ya ce, "Kuma don Allah kada ka yi musu lacca. Suna iya tsare ka don su huta."

Ofishin yana hawa na uku. Dogon baranda ne, fanka ɗaya mai juyawa ɗaya matacciya, fayil jibge har bakin taga. Mai Hatimi, jami'in da ke tantancewa, gajere ne mai furfura, tabaransa ɗaure da zare a gefe ɗaya. Na tarar ya riga ya jera kofi biyu a tebur. Ya dube ni, ya leƙa bayana.

"Ina mutumina?"

"An gayyace shi jiya."

Ya cire tabarau ya yi tsaki. "Mutanen wancan ginin ne, masu bindiga. Ba su da aiki sai ɓata wa mutane aiki." Ya ɗauki kofi ɗaya ya mayar aljihun tebur. "Kai ne yayan? Wanda ya je karatu? Yana yawan zancenka."

"Me yake cewa?"

"Ya ce kana da ƙwaƙwalwa."

Na miƙa masa Jerin. Bai karanta sunayen ba, ya san su. Fararen ya ƙirga da gindin biro.

"Tara dai har yau. To, madalla da bai ƙaru ba." Ya jawo littafin takardun ƙi, ya buɗe, sai ya tsaya. "Ya gaya maka kuwa?"

"Me?"

Ya tashi ya tura ƙofa. "Wata biyu ke nan ina da umarni daga sama. In an kawo sunayen masu rai, in buga. Ka san abin da hakan ke nufi?"

Na sani, amma na bar shi ya faɗa.

"In na buga, gwamnati ta yarda suna hannunta. In ta yarda suna hannunta, dole ta bar iyalansu su gan su, haka dokar gidan yari take. Abin da ba zan buga wa ba shi ne farin layi. Farin layi tambaya ce. Wanda ya kamata ya amsa ta kuwa yana nan daram da taurarinsa a kafaɗa."

"Auta me ya ce?"

"Duk mako sai na faɗa masa. Duk mako sai ya shanye shayinsa ya ce in gai da gida."

Wata biyu. Shekaranjiya na zauna a benci ina yi musu hasashen abin da yake aljihunsa tun wata biyu, yana goge yatsu yana cewa na fi shi sani.

Zan so in ce mata hamsin da biyu na fara tunawa. Na tuna su, amma daga baya, lokacin da nake neman hujja. Abin da na fara gani shi ne wayar nan ta bango, takarda fiye da ɗari uku, duk an ƙi. Ni sau ɗaya na hau benen.

Mai Hatimi ya ce, "Umarnin nan ba zai yi tsawon rai ba. Wanda ya bayar, kujerarsa rawa take. Kana tsammani banza suka ɗauke ƙanenka ana gobe Alhamis?"

Na ce, "Akwai tafireta a nan?"

Ya rufe littafin takardun ƙi. Sannan ya nuna min ƙofar gefe.

Minti arba'in na yi. Ban canja tsari ba, ban taɓa suna ko ɗaya ba. Duk inda na zo farin layi sai in tsallake, na ƙasa ya hau. Na san da ƙirgen matan. Na ajiye shi gefe, kamar yadda ake ajiye bayanin da bai shiga babi ba. Na ce a raina ai za a yi musu bayani. Layi hamsin da biyu, cif, tsaf. A ƙasan fom akwai wurin sunan edita. Na rubuta nawa, da Dakta a gaba.

Sai da ya bincike aljihun tebur biyu kafin ya samo hatimin amincewa. Tawadarsa ta bushe. Ya ɗiga mata ruwa daga butar shayi, ya gwada a bayan wani fayil, sannan ya danna a takardata da hannu biyu.

Ya ce, "Ban san ko in ce maka sannu ba."

Malama da Kawu suna jira a shago. Na ajiye takardar a teburin yanka. Kawu ya sunkuya ya dubi hatimin, ya ɗago, ya sake sunkuyawa.

"Ina taran?"

"Za mu dawo kansu. Da babu gara ba daɗi."

"Ba kai aka mutu wa ba, shi ya sa."

Malama ta ce, "Ba abin da aka aike ka ke nan ba." Muryarta a bushe take. Amma yatsanta yana kan hatimin, tana shafa shi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ya faɗi ranar da za a fara ziyara?"

Kawu ya dube ta, ya dube ni, ya ɗauki hularsa. "In Mai Inji ya fito, ku za ku faɗa masa. Ni kam ban ga komai ba, idona ya tsufa."

Tare Baba ya koya mana injin, hannuna bai manta ba. Kafin rana ta faɗi na buga ɗari biyar, da lambar amincewa a ƙasa.

Ran Juma'a da safe na manna a bangon shago ta waje. Ba a taɓa yi ba. Wani ɗan sanda ya zo da niyyar yagewa, ya karanta lambar, ya sosa ƙeya, ya koma gefe ya tsaya yana gyara wa mutane layi. Titi ya cika. Masu shaguna suka bar shagunansu. Wani ɗan jarida mai aika wa gidan rediyon waje labari ya tambayi wane ne editan, na faɗa masa sunana sau biyu don kada ya rubuta ba daidai ba. Wani da ban sani ba ya ɗaga hannuna sama. Rabin awa na yi a haka. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan rabin awar ba, kuma ba zan ce ban ji ba.

Sai matan suka iso.

Ta farko ta ɗora yatsa, ta gangaro, ta tarar da tawada, ta yi hamdala ta wuce. Sunan mijin wata ta taɓa. Ba ta sani ba, ni ma ban faɗa ba. Haka ta biyu, haka ta uku. Sai wata mai goyo, wadda layinta na hamsin da takwas ne. Yatsanta ya wuce hamsin da biyu ya sauka a kan siminti. Ta koma sama ta sake. Ya sake sauka a kan siminti. Ta zauna a ƙasa da goyonta, ta ɗora hannu a ka. Kafin a jima su tara ne a ƙasa.

Na ɗaga murya. "An matsar da layukan ne! Kowa yana nan! Sama suka hau!"

Wata ta ce, "Wa ya matsar?"

Wata ta ce, "Ina Mai Inji? A kira mana Mai Inji."

Malama ta tsuguna tana karanta musu sunayen ɗaya bayan ɗaya, tana nuna musu. Suna kallon bakinta, ba su yarda ba.

Ana cikin haka Iya mai gawayi ta zo. Tsohuwa ce, a ƙarshen titinmu take sayarwa. Ɗanta makanike ne, layi na goma sha biyu, kuma layin ya yi fari tun shekara biyu. Ba a ba ta gawa ba. Duk da haka ba ta fasa zuwa ba. Duk Juma'a sai ta ƙirga zuwa sha biyu, ta bar yatsanta a kan farin na ɗan lokaci, ta tafi.

Ta ƙirga. Ta tsaya. Ta goge yatsan a zaninta kamar shi ne da laifi, ta koma sama ta sake ƙirgawa, wannan karon a fili. Goma. Sha ɗaya. Sha biyu. Tawada.

Ba ta yi kuka ba. Dariya ta yi, baki duk a buɗe.

"Na faɗa muku! Ban faɗa muku ba? Na ce mai wankin nan ruɗewa ya yi! Mutum da yawa, riga iri ɗaya, ina zai gane?" Ta juya tana neman fuska. "Wa ya yi takardar yau?"

Aka nuna ni. Ta kama hannuna da nata biyu, baƙin gawayi ya hau hannun rigata.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ashe karatun ba banza ba ne. Kai ka dawo min da shi."

Malama tana kallona, matan da ke ƙasa suna kallona. Wata bakwai da dawowata, babu wanda ya taɓa sa min albarka a garin nan sai ita. Ban janye hannuna ba. Ta sake ni ta tafi da sauri, tana cewa bari ta je ta share masa ɗaki.

Ran Asabar da hantsi aka sako Auta. Ya zo yana ɗan ɗingishi, rigar sanyinsa a kafaɗa. Ya tsaya a bango ya karanta takardata daga sama har ƙasa, har lambar. Kawu, wanda ya ce bai ga komai ba, shi ya ba shi labari duka a tsaye.

Na shirya amsoshi. Na shirya guda huɗu, a jere. Abu ɗaya ya tambaya.

"An gaya wa Iya?"

Babu wanda ya gaya mata.

"Yaya, zo mu je."

Ɗaki biyu ne a bayan rumfar gawayin. Ta share tsakar wurin, ta yayyafa ruwa. Riguna uku na maza suna shanye a igiya, da wandon aiki mai tabon baƙin mai da wanki bai fitar ba. Tana ganin Auta ta tashi da murna.

"Mai Inji! Ka ji labari? Yayanka ya fi ka iya aiki!"

"Na ji, Iya. Zauna."

Na tsaya a bakin ƙofa. Ya tsuguna a gabanta ya yi mata bayani a hankali. Bai ce kuskure ba ne, bai ce ni ne ba. Ya ce an rufe fararen ne don a samu hatimi, sunan da ta taɓa na wani malamin asibiti ne, labarin ɗanta yana nan yadda yake. Ta saurara har ya gama. Ta dubi fuskarsa, ta dubi ƙafar da yake ɗingisawa.

Ta ce, "Sun ba ka abinci a can kuwa?"

Sannan ta kifa kanta a kafaɗarsa. Ta daɗe. Ni ko kallona ba ta yi ba. Da ta zage ni, da na ce na samu wani abu.

Bayan kwana goma aka buɗe ziyara. Malama ta ga mijinta. Da ta dawo ta tsaya a ƙofar shago ta ce, "Ya tsufa." Sannan ta ce min, "Na gode," kamar mai haɗiye magani. Cikin wata guda aka saki mutum bakwai. Ƙungiyar malamai ta kai tata takardar aka buga mata hatimi, direbobi ma haka. Wata jarida da aka rufe shekara huɗu ta dawo da shafi huɗu. Babi na shida ke nan, kusan kalma da kalma.

Auta bai daina buga nasa ba. Layi sittin da ɗaya, tara farare, waɗanda aka sako kuma ya sa musu ɗan tauraro a gefe don kada layin kowa ya motsa. Duk Juma'a tawa tana bango da hatiminta, ɗan sanda yana gadinta. Matan su zo su wuce ta kamar tallan sabulu, su shiga ta ƙofar da aka ja rabi.

Sai wasiƙa ta zo daga ma'aikatar cikin gida. Ana gayyatar editan Jerin zaman tattaunawa ran Litinin, tare da wakilan ƙungiyoyi. Sunana ne a bayan ambulan.

Na same shi yana jera haruffa. Na ajiye wasiƙar a inda zai gani. Ya karanta ya ce madalla.

Na ce, "Wata biyu ka ɓoye mana."

"Na ɓoye."

"Gida hamsin da biyu sun yi wata biyu ba su ga nasu ba saboda taurin kanka."

"Haka ne."

"Shi ke nan? Haka ne?"

Ya ci gaba da tsintar haruffa daga akwatinsu. "Duk Alhamis ina fita da niyyar yarda. In na hau benen na buɗe takardar sai hannuna ya ƙi. Ni na zare sunayen nan, Yaya, ɗaya bayan ɗaya, da yatsun nan. Na kasa rufe su. Na kasa faɗa wa Malama kuma, don na san abin da za ta ce, kuma tana da gaskiya." Ya ɗago. "Kai ka iya. Na gode."

"Ba don su na yi ba."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Tare muka tashi fa." Ya yi murmushi, gibin ya bayyana. "Su ba ruwansu da dalilinka. Sun ga mazansu."

Na zo ne in ƙwace wani abu daga hannunsa, na tarar ya riga ya ajiye min shi a hanya. Shi ya fita da hannunsa fes. Ni aka bar wa baƙin gawayi.

Na ce, "Ka zo mu je tare ran Litinin."

"A'a. In na zauna da su, wa zai tsaya a waje? Ka je. Kai ka iya zama da irinsu, kun yi makaranta iri ɗaya." Ba gatse ba ne. Da gatse ne da ya fi sauƙi.

Ran Litinin na sa kwat. Ɗakin taron yana da dogon tebur mai ƙyalli, da kwalaben ruwa a jere, da hoton Janar a bango. Malama tana can ƙarshe, wakilin direbobi a gefenta. An rubuta sunana a wani ɗan kati a tsakiyar tebur, daura da kujerar Babban Sakatare. Ban taɓa ganin sunana a wuri mai kyau haka ba.

Babban Sakatare ya shigo da fayil a hammata. Mutum ne mai laushin murya, irin masu biro. Ya gaisa da kowa. Da ya zo kaina ya riƙe hannuna, idonsa yana kan ƙofa.

"Kai kaɗai ne, Dakta?"

"Ni ne edita."

"I, mun gani. Mun gani." Ya zauna ya buɗe fayil. Ba tawa ya ciro ba. Ta Auta ce, ta Juma'ar da ta wuce, an zagaye fararen da jan biro. Ya turo min ita da yatsa ɗaya. "Ba na ɓoye maka, wannan ce ta hana wasu barci a wancan ginin. Kullum sai sun tambaye mu, in mun ba da hatimi me ya sa ba ta tsaya ba. Muna so mu ci gaba da zaman nan, kai ma kana so. Za ka iya sa ƙanenka ya daina?"

Da zan roƙe shi, a matsayina na yayansa, in ce sauran mutum arba'in da biyar sun dogara da haka, mai yiwuwa ya daina. Na san shi. Kuma na san ranar da ya daina, babu sauran dalilin da zai sa a ajiye min kati a teburin nan. Wannan ma na rubuta shi, a babi na bakwai. Ban taɓa zaton ni za a zaunar a ciki ba.

Na ce, "A'a. Ba ya jin maganata."

Babban Sakatare ya gyaɗa kai, kamar amsar da yake so ke nan ya kai wancan ginin. Ya yi wa magatakarda alama ya rubuta.

Magatakarda ya rubuta. Ita ce maganata ta farko da ta shiga rahoton zaman, kuma a kan Auta take.